Wa ya fi iya kare kai a tarihin damben boksin?

An yi tambaya cewa a cikin 'yan damben boksin na da da na yanzu, su wa suka fi iya kare kansu daga naushi, kuma shin ba Floyd Mayweather ne na ɗaya ba, tunda ya yi wasa 50 ba a taɓa doke shi ba?

A wurina Pernell Whitaker ne a gaba, Mayweather na biye da shi, sai Willie Pep, sai Nicolino Locche, sai Wilfred Benítez, James Toney kuma yana bakin ƙofa. Tsofaffin masana da yawa Pep suke sa wa a farko, kuma hujjarsu tana da ƙarfi. Amma kafin a shiga gardamar suna sai an daidaita a kan ma'auni, domin yawancin musun da ake yi a majalisa daga nan yake tasowa.

Rashin shan kaye ba ya nuna gwanintar kariya. Rocky Marciano ya yi ritaya da nasara 49 babu faɗuwa ko ɗaya, alhali fuskarsa ta sha naushi ba kaɗan ba. Ƙarfin hali da nauyin hannu ne suka fisshe shi. Haka kuma gudu ba kariya ba ne. Duk mai lafiyar ƙafa zai iya zagaye fili na minti uku ba a taɓa shi ba, amma alƙalai ba za su ba shi turmin ba, domin naushi mai tsabta ake fara dubawa wajen ba da maki. Abin da nake aunawa shi ne: a wane nisa mutum yake tsayawa lokacin da ake kuskurensa? Idan yana inda hannun abokin karawa zai iya kai masa amma aka kasa samunsa, wannan ce gwaninta. Sannan me yake yi da zarar naushin ya wuce? Wanda ya kai naushi ya sami iska, jikinsa a buɗe yake na ƙiftawar ido, kuma gwani a wannan ƙiftawar yake cin abincinsa. Bayan haka sai a duba su wa ya yi wa haka, da kuma shekaru nawa kariyar ta ɗore bayan saurin ƙuruciya ya fara tafiya.

Kariya hawa-hawa ce. Ƙafa ce ta farko, ita ke fitar da kai daga layin naushi ko ta canza kusurwa. Idan ƙafa ta makara, sai kai da ƙugu da gwiwa: gocewa gefe, sunkuyawa, ja da baya kaɗan. Idan nan ma an makara, sai hannu da kafaɗa da gwiwar hannu su tare, aikin da hannun garkuwa ke yi a dambenmu na gargajiya. Na ƙarshe shi ne riƙo, a manne wa mutum a kashe masa hannuwa har alƙalin wasa ya raba. Mafi yawan ƙwararru hawa ɗaya ko biyu suka mallaka. Waɗanda na lissafa suna da uku ko duka huɗun.

Whitaker ɗan Norfolk ne a jihar Virginia ta Amurka, bahago, ya ci zinare a gasar Olamfik ta 1984, daga baya ya riƙe kambun duniya a aji huɗu, daga na kilo 61 har zuwa na kilo 70. George Benton ne ya horar da shi, wanda shi kansa gwanin kariya ne daga Philadelphia. Abin da ya bambanta Whitaker shi ne gwiwa. Yawancin 'yan dambe idan za su sunkuya daga ƙugu suke lanƙwasawa, idonsu ya koma ƙasa, su daina ganin abin da ke zuwa, sai naushin da ke tasowa daga ƙasa ya tarye su a haɓa. Shi kuwa gwiwoyinsa yake naɗewa ya zauna cikin tsayuwarsa, bayansa kusan a miƙe, idonsa a kan ƙirjin abokin karawa, wani lokaci kansa ya sauka har daidai ɗamarar wandon mutum. Naushi uku ko huɗu su wuce ta samansa, sai ya taso ta gefen da ba a zata ba, ya juya a kan ƙafarsa ta dama, mutum ya waiwayo ya tarar da shi a bayan kafaɗarsa. Kuma ba ya barin hannunsa na gaba ya huta. Wannan zungurin na dama da yake yi babu ƙaƙƙautawa shi ma kariya ne, domin mutumin da ake zungura a hanci duk bayan daƙiƙa biyu ba ya samun damar dasa ƙafa ya ɗauko naushi mai nauyi.

Hujjata mafi girma ita ce daren 10 ga Satumba 1993 a San Antonio. Julio César Chávez na Meziko ya shigo da nasara 87 a jere, kuma a zamaninsa babu wanda ya kai shi iya datse fili da dukan haƙarƙari. Kowa ya san yadda yake cin masu gudu: ya tare musu hanya, ya kai su igiya, ya dinga dukan ciki har ƙafa ta mutu. Whitaker bai tsaya ga zagaye kaɗai ba. A turaman tsakiya ya tsaya masa ƙirji da ƙirji, ya danne masa hannun hagu da gwiwar hannu, ya rama dukan ciki, ya juya shi ya fice. Alƙali ɗaya ya ba Whitaker 115 da 113, biyu suka rubuta 115 da 115, aka tashi canjaras, hukuncin da har yau ake ambata cikin mafi muni a tarihin wasan. Duk wanda ya zauna ya kalli turaman 12 ɗin zai ga wanda ya yi nasara. Kafin wannan, a 1990, Whitaker ya doke Azumah Nelson na Gana da maki, kuma Nelson ba kanwar lasa ba ne. Faɗuwar Whitaker ta farko, a hannun José Luis Ramírez a Faransa a 1988, ita ma hukunci ne da aka yi ta suka, kuma ya rama a 1989 ba tare da wata tantama ba.

Aibinsa shi ne wasa da abokin karawa. Yakan sauke hannu ya yi nishaɗi, ƙafafunsa su haɗe wuri ɗaya, a ture shi ya sha ƙasa. Roger Mayweather ya kai shi ƙasa a 1987, Diosbelys Hurtado ma ya yi sau biyu a 1997. Amma da wuya ka ga an jera masa naushi biyu masu tsabta a lokacin ganiyarsa, kuma sau ɗaya tak aka tsayar da wasansa, a karawarsa ta ƙarshe a 2001, saboda karayar ƙashin da ke tsakanin wuya da kafaɗa.

Mayweather ya fi Whitaker tsari da taka-tsantsan, kuma a ɗorewa babu kamarsa: daga 1996 zuwa 2017, aji biyar. Salon da aka san shi da shi na murɗa kafaɗa ne, wanda ya gada daga mahaifinsa da ƙanin mahaifinsa Roger. Ga yadda yake. Mutum ya tsaya a karkace sosai, kafaɗar hagu na fuskantar abokin karawa. Hannun hagu ya kwanta a kan ciki, gwiwar hannun na rufe haƙarƙari. Kafaɗar hagu a ɗage, haɓa a ɓoye a bayanta. Hannun dama yana kusa da kunci, shi ke cafke zunguri kuma shi ke tare naushin gefe na hagu. Idan aka sako dama miƙaƙƙiya, sai a murɗa ƙugu zuwa dama, nauyi ya koma ƙafar baya, naushin ya zame a kan kafaɗa kamar ruwan sama a kan kwanon rufi. Murɗawar nan ita ce ta ɗana hannun dama, saboda haka ramuwa tana fita nan take. Kariya da hari motsi ɗaya ne.

Inda wannan salo ke ɓaci sananne ne. Naushin dama mai lanƙwasa da ke zuwa ta sama yana tsallake kafaɗa ya sauka a bayan kunne ko a tsakar kai. Hagun bahago kuma ta ɓangaren da ke buɗe take shigowa, shi ya sa Zab Judah, wanda bahago ne, ya dami Mayweather a turaman farko a 2006. Sannan idan aka dinga zungurin ƙirji da kafaɗa, mutum yakan makale a ƙafar baya. Oscar De La Hoya ya ci turamai da haka a 2007 kafin ya rage zungurin, har alƙali ɗaya ya ba shi wasan. Marcos Maidana ma ya nuna raunin wannan salon. A Disamba 2013 ya kai Adrien Broner ƙasa sau biyu, domin Broner ya kwaikwayi kafaɗar amma ya bar ƙafafunsa a dashe. A Mayu 2014 Maidana ya matse Mayweather kansa a igiya da irin waɗannan naushin na sama. Bambancin shi ne Mayweather ya gane, ya dawo tsakiyar fili, ya ɗaga hannuwa biyu idan da buƙata, ya riƙe idan an matso. Kafaɗa kaso ɗaya ce cikin kayan aikinsa. Babbar baiwarsa ita ce sanin nisa: yakan jingina kansa gaba kaɗan a matsayin tarko, a kawo zunguri, ya ja baya da ɗan taƙi, ya sauke dama a kan hannun da bai koma gida ba. Kuma yana da natsuwa a lokacin tashin hankali. A turmi na biyu da Shane Mosley a 2010 an same shi da dama har gwiwarsa ta lanƙwashe, ya cukume hannun Mosley ya tsira, daga nan bai sake ba shi wata dama ba. Ƙididdigar CompuBox, wato tsarin ƙirga naushin da aka kai da wanda ya shiga, ta nuna Manny Pacquiao ya same shi sau 81 cikin naushi 429 a 2015.

To me ya sa na biyu? Saboda José Luis Castillo a Afrilu 2002 ya nuna cewa matsi da dukan ciki suna isa gare shi, har mutane da yawa suna ganin Castillo ne ya ci, ko da yake Mayweather ya gyara a karawa ta biyu cikin shekarar. Chávez ya fi Castillo ta kowace fuska, kuma bai yi wa Whitaker rabin haka ba. Bayan haka, manyan sunayen da Mayweather ya doke a rabin ƙarshe na rayuwar wasansa, irin su Mosley da Pacquiao, sun fara gangarowa, Canelo Álvarez kuma yana ɗan shekara 23 a 2013. Tazarar da ke tsakaninsa da Whitaker ƙarama ce, wanda ya juya jerin ban ce ya yi kuskure ba.

Willie Pep, ɗan asalin Italiya daga jihar Connecticut, a ajin kilo 57 ya yi zamaninsa, kuma alƙalumansa sai a riƙe baki: nasara 229, faɗuwa 11, canjaras 1. Ya ci wasa 62 a jere kafin Sammy Angott ya fara doke shi a 1943. Kariyarsa a ƙafa take. Yakan yi kamar zai tafi hagu, abokin karawa ya ɗaga ƙafa ya bi, kafin ƙafar ta sauka ya riga ya koma dama. Mutumin da ƙafarsa ɗaya ke sama ba shi da naushi. Yakan kuma dafa gwiwar hannun mutum ya juya shi ya bar shi yana kallon igiya. A Janairu 1947 ya yi hatsarin jirgin sama ya karye a ƙafa da baya, cikin shekarar ya dawo fili. Mutumin da yake wasa kusan kowane wata, da safar hannu mai ƙarancin laushi fiye da ta yau, ba zai kai wasa 241 ba in da ana samunsa.

Labarin da ake yawan bayarwa cewa ya ci turmi guda a kan Jackie Graves a 1946 ba tare da ya kai naushi ko ɗaya ba, kada a kafa hujja da shi, domin rahotannin jaridun lokacin ba su goyi bayansa ba. Abin da ya sa na ajiye shi na uku shi ne Sandy Saddler. Saddler dogo ne mai nauyin hannu, mai iya cukuma da murɗe hannu, kuma ya doke Pep sau uku cikin huɗu tsakanin 1948 da 1951. Idan aka kama Pep aka hana ƙafarsa aiki, sauran hawan kariyarsa ba su kai na Whitaker ko Mayweather ba. Duk da haka nasarar da Pep ya yi a karawa ta biyu, Fabrairu 1949, turmi 15 da fuska a fashe, tana cikin mafi kyawun dambe da aka taɓa yi. Hogan Bassey na Najeriya ma ya doke shi a Boston a 1958, amma lokacin Pep yana da shekara 36.

Idan kuma zallar kauce wa naushi ake magana, a tsaye wuri ɗaya, to babu kamar Nicolino Locche na Ajantina. Yakan sauke hannuwa, wani lokaci ya mayar da su baya, ya miƙa fuska, naushi ya wuce da tazarar yatsa. Sirrin shi ne ƙanƙantar motsi: wanda ya goce da nisa sai ya ɓata lokaci wajen dawowa, naushi na biyu ya same shi a hanya, shi kuwa iya faɗin safar hannu yake matsawa. A Disamba 1968 a Tokyo ya karɓe kambun kilo 63.5 daga Takeshi Fuji, wanda ya gaji da dukan iska ya kasa fitowa turmi na goma. Ya doke Antonio Cervantes a 1971. Na sa shi na huɗu saboda cikin nasararsa 117, 14 kacal ya gama kafin lokaci, wato ba ya hukunta mai kuskure yadda ya kamata, kuma kusan duk wasanninsa a gida ya yi su.

Wilfred Benítez na Puerto Rico ya doke wannan Cervantes ɗin a 1976 yana ɗan shekara 17, har yau shi ne mafi ƙarancin shekaru da ya ci kambun duniya. Gwanintarsa a igiya take, inda kowa ke gudun a kai shi. A nemi karawarsa da Thomas Hearns ta 1982 a ga yadda yake jingine yana gocewa daga hannu mafi sauri da tsawo a ajin, ko da yake ya faɗi da maki. Ya doke Roberto Durán a farkon shekarar. Rashin son atisaye ne ya cuce shi, har Bruce Curry ya kai shi ƙasa sau uku a 1977. Ganiyarsa ta yi gajarta, ya ci gaba da dambe bayan idonsa ya daina riga naushi, ya ƙare da mummunar cutar ƙwaƙwalwa. Wannan abin baƙin ciki ne ga mutum mai irin baiwarsa.

James Toney ya cancanci ambato domin dab da abokin karawa yake zama, inda hannu ke iya kai masa, yana murɗa kafaɗa yana ramawa. Ya taso daga ajin kilo 72.5 har ajin masu nauyi, ya tsayar da Evander Holyfield a 2003, ya yi turmi 24 da Samuel Peter na Najeriya a 2006 da 2007, kuma cikin wasa sama da 90 ba a taɓa tsayar da shi ba. Ƙafarsa ce ba ta da sauri, Roy Jones ya nuna haka a 1994.

Za a ce ina Muhammad Ali? Ali na shekarun 1960 yana da ƙafa da idon da ba a taɓa gani ba a ajin masu nauyi, amma yana da ɗabi'ar da kowane mai horarwa ke hanawa: ja da kai baya kai tsaye, hannun dama a ƙasa. Wanda ya ja baya a miƙe yana nan a kan layin naushi, kuma naushin gefe na hagu mai tsawo zai cim masa. Da shi Henry Cooper ya kai shi ƙasa a 1963, da shi Joe Frazier ya kai shi ƙasa a turmi na 15 a 1971. Jingina da igiya da ya yi wa George Foreman a Kinshasa a 1974 dabara ce ta jarumi, amma jikinsa ne ya biya kuɗinta. Roy Jones ma haka: saurinsa ya rufe kurakuransa shekara da shekaru, da saurin ya ragu kaɗan sai Antonio Tarver da Glen Johnson suka buge shi a jere a 2004. A ajin masu nauyi, Jack Johnson, wanda ya ci kambu a 1908, ya fi su cancanta, domin da tafin hannu yake cafke naushi tun kafin ya yi ƙarfi, ya dafe damatsan mutum ya hana shi motsi.

Mai son ya auna da kansa, ya kashe muryar mai sharhi, domin ihun 'yan kallo yakan mayar da naushin da ya sauka a kafaɗa ya zama kamar ya sami fuska. Ya rage saurin bidiyon zuwa rabi. Ya kalli turmi ɗaya sau biyu: da farko ƙafafu kawai, sannan kai. Naushin da ya shiga da gaske yana girgiza kai ko ya tsayar da mutum. Wanda ya zame ba ya canza tsayuwa. Alƙaluman CompuBox suna taimakawa, amma mutane ne ke danna maɓalli a bakin fili, kuma sai tsakiyar shekarun 1980 aka fara su, don haka babu su ga Pep ko Locche.

Matashin da ke koyo kuma kada ya fara da kafaɗar Mayweather ko sauke hannun Locche. Ya fara da hannuwa biyu a kunci, gwiwar hannu a manne da haƙarƙari, haɓa a ƙasa, irin tsayuwar ɗan damben Amurka Winky Wright. Ya koyi tafiya ba tare da ƙafafu sun harɗe ba: ƙafar da ke ɓangaren da za a nufa ita ke fara tashi, ɗayar ta biyo da daidai wannan tazarar. Bayan ya kai naushi kada ya tsaya inda yake, kuma kada ya ja baya fiye da taku biyu a miƙe, ya fita ta gefe. Sai ya ɗaura igiya daidai tsayin kafaɗa ya dinga wucewa ta ƙarƙashinta da gwiwa, idonsa a gaba. Sai abokin atisaye ya dinga kawo masa zunguri a hankali yana cafkewa, ba tare da ya miƙa hannu ya tarye shi a hanya ba, domin miƙa hannun ne ke buɗe wa naushin gefe ƙofa. Idan ya kai matsayin da ba ya rufe ido lokacin da safar hannu ta nufo fuskarsa, kuma duk kaucewa tana tafe da ramuwa, a lokacin mai horarwa zai iya fara nuna masa murɗa kafaɗa, shi ma a kan masu dama tukuna, ba bahagwai ba.